Malami da Kujera: Darasi Daga Rayuwar Abdu Mumuni



Tambayar da nake so mu duba a yau tsohuwa ce, ta girmi jami'a, ta girmi boko kansa. Idan mai mulki ya kira malami ya ce masa ga kujera, zo ka shugabanci ƴan'uwanka malamai, ya karɓa ko ya ƙi? In kuma ya karɓa, mene ne zai hana kujerar ta cinye shi? Da yawa daga cikinmu ba mu ɗauki wannan a bakin tambaya ba. A wurinmu shugabancin jami'a shi ne matakin ƙarshe na tsani, ladan wahalar karatu na shekara da shekaru. Ranar da aka ji sanarwa a rediyo sai a cika gida da taya murna, dangi su ce kakarsu ta yanke saƙa. Ni kuwa a ganina ranar ce aka ɗora ilimin mutum da mutuncinsa bisa sikeli, kuma ba kowa ne ke sauka da nauyin da ya hau da shi ba.

Don kada maganar ta tsaya a iska, zan ɗora ta a kan rayuwar mutum guda, wanda kowane ɗan Nijar ya san sunansa ko da bai san labarinsa ba. Shi ne Abdu Mumuni Dioffo, wanda babbar jami'ar Yamai ke amsa sunansa.

An haife shi a Tasawa a 1929. Ya bi hanyar da Faransawa suka shata wa ƴan tsirarun yaran da suka yi fice a lakkwal: makarantar William Ponty a Senegal, inda ake horar da malamai da ma'aikatan mulkin mallaka na Afirka ta Yamma, sannan Dakar, sannan Paris. A 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo a kimiyyar fizik, wata gasa mai tsanani da Faransa ke tace manyan malamanta da ita, kuma shi ne baƙar fata na farko daga ƙasashen da take mulka a Afirka da ya ci ta a wannan fanni. Da wannan takarda a hannu, da ya so, da ya zauna lafiya cikin inuwar Faransa har ƙarshen ransa. Sai dai tun yana ɗalibi yana cikin ƙungiyar ɗaliban Afirka da ke Faransa, FEANF, masu neman a kawo ƙarshen mulkin mallaka.

A ranar 28 ga Satumba 1958 Janar de Gaulle ya sa aka yi ƙuri'ar raba gardama a ƙasashen da Faransa ke mulka. Gini ta Seku Ture ce kaɗai ta ce a'a. Faransa ta yi fushi, ta kwashe ma'aikatanta da malamanta, ta bar azuzuwa wayam. Abdu Mumuni yana cikin malaman Afirka da suka tafi Konakri don cike wannan giɓi, kamar yadda masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo ya yi. A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet ya zurfafa bincike a kan makamashin hasken rana. A 1964 ya sauka Bamako, ya kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar Mali. A 1969 ya komo gida ya riƙe ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar, inda aka riƙa ƙera tankunan ɗumama ruwa, da murhun dafa abinci, da na'urar tace ruwa, duk masu aiki da zafin rana. Ya riƙe ta har 1985. A tsakiyar wannan aiki ne, a 1979, aka naɗa shi shugaban Jami'ar Yamai, bayan masanin lissafi Bubakar Ba wanda ya fara riƙe ta. Ya yi ƴan shekaru a kujerar, ya sauka a farkon shekarun 1980. Ya rasu a watan Afrilu 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992.

In an tsaya nan, labarin yabo ne kawai, irin wanda ake karantawa ranar bikin yaye ɗalibai. Amma akwai ƙulli biyu a cikinsa. Na farko, a 1964 ya fitar da littafi a Paris mai suna L'Éducation en Afrique, inda ya nuna cewa makarantar mulkin mallaka an gina ta ne don samar da akawu da tafinta da ƙananan ma'aikata, ta raba yaro da harshensa da sana'ar gidansu, ya kuma yi kira da a koyar da ƴaƴan Afirka cikin harsunansu. Shekara 15 bayan haka sai ga shi yana shugabantar jami'ar da ke koyarwa da Faransanci, bisa tsarin da aka kwafo daga Faransa. Na biyu, mutumin da ya yi ƙuruciyarsa cikin gwagwarmayar neman ƴanci ya karɓi naɗi a zamanin Seyni Kunce, sojan da ya ƙwace mulki a Afrilu 1974, ya rushe majalisa, ya hana jam'iyyu. To shin wannan cin amanar kai ne, ko kuwa sauke nauyi ne?

Akwai amsoshi biyu masu sauƙi, kuma kowace tana da tsofaffin magoya baya. Ta farko ta ce malami ya nisanci ƙofar sarki. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da Imamu Abu Hanifa, wanda Halifa Mansur ya nema ya zama alƙali, ya ƙi, aka ɗaure shi a kan ƙin. Hujjarsu ita ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya naɗa ka shi ke da kai, kuma bai naɗa ka don kyan idonka ba. Yana so ne ya ari farin jininka ya rufe wani abu da shi. Ta biyu ta ce in mutanen kirki suka guje wa kujera, ba za ta zauna wofi ba, wani ne zai hau, kuma sau da yawa wanda ya fi kowa kwaɗayinta. Su kuma suna nuna Abu Yusuf, babban almajirin Abu Hanifa ɗin nan, wanda ya karɓi alƙalanci har ya zama alƙalin alƙalai a zamanin Haruna Rashid, ya kuma rubuta wa halifa littafi a kan haraji yana gargaɗinsa da adalci ga talakawa. Malami ya ƙi, almajirinsa ya karɓa, kuma har yau ana girmama su duka biyu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa asirin ba ya cikin karɓa ko ƙi.

Wanda ya fi haska mini hanya shi ne Sahnun na Ƙairawan, mai Mudawwana, wanda malamanmu na Malikiyya suka sani sarai. An daɗe ana matsa masa kafin ya yarda ya zama alƙali, yana da shekara fiye da 70. Da zai karɓa sai ya kafa sharaɗi cewa hukuncinsa zai hau kan dangin sarki da fadawansa kamar yadda zai hau kan kowa, kuma bai ɗauki albashi don kansa ba. Abin lura a nan shi ne dalilin da ya sa ya iya kafa sharaɗi. Ya iya ne domin ba ya bukatar kujerar. Yana da zaurensa, yana da almajiransa, yana da sunansa tun kafin a kira shi. Da an ƙi sharaɗinsa, da ya koma inda ya fito bai rasa kome ba. Mai bukata ba ya kafa sharaɗi, sai dai ya yi godiya.

Kafin mu koma kan Abdu Mumuni, ya kamata mu dubi irin kujerar da ake magana a kai. Shugaban jami'ar gwamnati a ƙasashenmu yana zaune ne tsakanin wuta biyu. Albashin malamai, da kuɗin tallafin ɗalibai, da abincin da ake dafa musu, da motocin da ke kai su, duk daga baitulmali suke fitowa, kuma mabuɗin ba ya hannunsa. Amma ranar da kuɗin suka makara, ƙofarsa ɗalibai ke fara bugawa. Ranar da ɗalibai suka fita titi, shi gwamnati ke fara kira ta tambaye shi me ya sa ya kasa riƙe yaransa. Gaba kura, baya sayaki. Kuma abin da ake cacar a kansa yakan wuce kuɗi, ya kai ga rai. A Najeriya a 1978, ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibai na yini ya tayar da tarzomar da aka yi wa laƙabi da sunan kwamishinan ilimi Kanar Ahmadu Ali. An kashe ɗalibai a Legas da Samarun Zariya, kuma rikicin ya ci kujerun shugabannin jami'o'in biyu. A Mayu 1986 an sake zubar da jinin ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello. A Yamai kuwa, ranar 9 ga Fabrairu 1990, shekaru bayan saukar Abdu Mumuni, jami'an tsaro sun buɗe wuta kan ɗalibai a gadar Kennedy, uku suka mutu, ranar da har yau ɗaliban Nijar ke tunawa da ita kowace shekara.

Duk wanda ya hau wannan kujera, to ya sani akwai daren da waya za ta yi ƙara. Za a ce ya ba da sunayen shugabannin ɗalibai. Za a ce ya sa hannu a kori malami kaza don bakinsa ya yi tsawo. Za a ce ɗan wane bai ci jarrabawa ba, a duba. Ko kuma daga ɗaya ɓangaren, ɗalibai su kewaye ofishinsa su ce sai an sassauta jarrabawa, ko ƴan'uwansa malamai su ce ya rufe ido a kan wani nasu da ya ci zarafin ɗaliba. Darajar shugaban jami'a duka tana rataye ne a kan ko zai iya cewa a'a a irin wannan dare. Gine-ginen da ya yi da motocin da ya sayo duk suna bayan wannan.

To wane ne ke iya cewa a'a? Nan ne nake ganin al'adarmu ta riga ta ba mu amsa. A ƙasar Hausa sarauta iri biyu ce. Akwai ta hakimi, wanda cinsa da shansa da girmansa duk daga rawani suke. Ranar da aka tuɓe shi, an tuɓe shi daga kome, sai zaman zaure da tuna baya. Akwai kuma sarautar sana'a, irin ta Sarkin Maƙera da Sarkin Pawa da Sarkin Noma. Ba a naɗa Sarkin Maƙera sai maƙeri, kuma naɗin ba ya raba shi da uwar maƙera da zugazugi. Da safe ya je fada ya yi gaisuwa, ya sasanta rigimar maƙera, ya isar da saƙon sarki gare su, ya isar da kukansu ga sarki, da hantsi ya komo ya hura wutarsa. In sarki ya yi fushi ya karɓe rawani, garma da lauje ba za su daina fita daga maƙerarsa ba, manoma kuma ba za su daina zuwa ba. Saboda haka yana iya duban sarki cikin ladabi ya ce, ranka ya daɗe, wannan ba za ta yiwu ba. Maƙera ma suna jin maganarsa domin sun san hannunsa, sun san ba za a yi masa ƙarya a kan ƙarfe ba.

Shugabancin jami'a sarautar sana'a ce. Masifa tana farawa ne ranar da mai riƙe da ita ya ɗauke ta sarautar hakimi. Da wannan ma'auni nake duban Abdu Mumuni, kuma da shi nake ganin ya fita. Shekarun da ya yi yana shugabancin jami'a suna cikin shekarun da yake riƙe da ONERSOL, bai saki ɗakin bincikensa don ofis ba. Ya kasance malamin kimiyya a jami'ar kafin naɗinsa, ya ci gaba da zama malami bayan saukarsa. Kujerar ta zo ta same shi a bakin aikinsa, ta wuce ta bar shi a bakin aikinsa. Mutumin da ya taɓa barin inuwar Faransa ya tafi Gini a lokacin da ba a san yadda gobenta za ta kasance ba, ya riga ya nuna cewa ya san yadda ake tashi a bar wuri. Ko a yau, in ka tambayi mutum a Yamai wane ne Abdu Mumuni, zai ce maka masanin hasken rana ne. Kaɗan ne za su fara da cewa tsohon shugaban jami'a ne. Sunansa ne ya ƙara wa jami'ar daraja da aka liƙa shi a ƙofarta.

Ba shi kaɗai ba ne. Jacob Ade Ajayi, wanda rikicin 1978 ya raba da shugabancin Jami'ar Legas, ya koma Ibadan ya ci gaba da koyar da tarihi, kuma daga baya shi ya tace juzu'i na 6 na babban tarihin Afirka da UNESCO ta wallafa. Waɗanda suka cire shi sun karɓe ofis, amma tarihin da ke kansa ba su da hanyar karɓe shi. Haka Ishaya Audu, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, shekarun da yaƙin basasa ya faɗo a cikinsu. Shi ya ma wuce zuwa siyasa, ya yi ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983, soja suka tsare shi bayan juyin mulki. Da ƙura ta lafa sai ya koma Samaru yana duba marasa lafiya. Kujeru sun zo sun wuce, likitancin yana nan.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma jayayyarsu ba ta banza ba ce. Na farko za su ce jami'ar yau ba ta zamanin Abdu Mumuni ba ce. A lokacinsa jami'ar ƙarama ce, ba ta fi shekara goma da kafuwa ba, tun da a 1971 aka buɗe ta a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama jami'a a 1973. Yau ɗalibai dubbai ne, ga kasafin kuɗi, ga kwangila, ga ƙungiyoyin ƙwadago, ga baƙi daga waje. Wanda ya raba hankalinsa tsakanin ofis da ɗakin bincike zai yi biyu babu. Gaskiya ne aikin ya yi nauyi, kuma ba ina cewa shugaba ya riƙa shiga aji kullum ba. Amma tsakanin kullum da ko sau ɗaya akwai fili mai faɗi. Darasi guda a mako, ko ɗalibai biyu da yake duba bincikensu, ya isa ya riƙe igiyar. Ribar ma ba tasa kaɗai ba ce. Shugaban da ke shiga aji shi ne zai ga ɗalibai zaune a taga don babu benci, ya ji zafin ɗakin da fankarsa ta mutu, ba sai an kawo masa rahoto ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma sai in yana kwana a ciki.

Na biyu za su ce gwanin bincike ba lallai ne ya zama gwanin riƙon jama'a ba. Wannan ma haka ne. Mun ga malamai masu zurfin ilimi da ba sa iya zama da mutum uku ba a yi faɗa ba. Ilimi kaɗai ba ya sa mutum ya iya shugabanci, dole a haɗa da haƙuri, da sanin kuɗi, da iya sauraro, domin babba juji ne. Abin da nake cewa shi ne ilimin da bai mutu ba sharaɗi ne na farko, sauran su biyo baya. Ba kowane maƙeri ne ya cancanci Sarkin Maƙera ba, amma wanda ba maƙeri ba bai cancanta ba sam.

Jayayya ta uku ta fi nauyi. Za a ce wanda ke da wurin komawa zai yi saurin tafiya. Da an taɓa shi kaɗan sai ya ajiye aiki ya koma ɗakin bincikensa da tsabtataccen suna, ya bar ɗalibai da ƙananan ma'aikata a hannun wanda ya fi muni. Irin wannan tsabta son kai ce. Na yarda akwai wannan haɗari. Sai dai tarihinmu ya nuna yadda ake warware shi. A 1807 Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga son duniya ya fara shiga jama'ar jihadi, ransa ya ɓaci, ya bar su ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Da ya iso Kano mutanen gari suka riƙe shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. Ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, ya karantar da su, sannan ya koma ya ci gaba da ɗaukar nauyin da ya gudar wa. Ikon tafiya da yake da shi bai sa ya ɓace ba, sai ma ya ƙara wa maganarsa nauyi da ya komo. Amfanin samun wurin komawa shi ne mutum ya zauna ba tare da tsoro ba. Wanda kowa ya san zai iya tashi, sau da yawa ba ya ma bukatar tashin, domin masu matsa masa sun san iyakarsu. Wanda aka san ba shi da inda za shi, shi ake murɗawa yadda aka ga dama.

Saura ƙullin harshe. Abdu Mumuni ya sauka daga kujera jami'ar tana koyarwa da Faransanci kamar yadda ya same ta. Wani zai ce to ina amfanin littafin? A nan ina ganin dole mu yi wa kujerar adalci, mu san iyakar ƙarfinta. Harshen koyarwa ba a sauya shi da sa hannun mutum guda. Sai an fara daga ajin farko, an rubuta littattafai, an horar da malamai, an daidaita kalmomin lissafi da kimiyya, an kuma shawo kan iyayen da ke ganin Faransanci ne kaɗai ƙofar aiki. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, kuma shekaru da dama abin bai wuce gwaji ba. Sai a 2025, shekara 61 bayan fitowar littafin, dokar ƙasa ta ayyana Hausa harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki, kuma ko wannan ayyanawa ce, aikin yana gaba. Darasin da na ɗauka shi ne littafin ya fi kujerar tsawon rai. Abin da ya rubuta yana malami har yanzu ana muhawara a kansa. Da ya ajiye alƙalami yana jiran ranar da zai samu iko ya gyara kome da umarni, da ya tashi babu littafin babu gyaran.

Wannan ya kawo mu ga gardamar da ta tsayar da jami'o'in Nijar a shekarun 2018 da 2019, lokacin da gwamnati ta nemi ta riƙa naɗa shugabannin jami'a da kanta maimakon zaɓen da aka saba yi a cikin jami'a, ƙungiyar malamai ta SNECS ta yi ta yajin aiki, daga ƙarshe doka ta ba gwamnati ikon naɗi. Ni ina ganin zaɓe ya fi, domin sarkin sana'a ya kamata ƴan sana'a su san da zamansa. Amma kada mu ruɗi kanmu cewa zaɓe shi ne maganin kome. Wanda aka naɗa yana da bashin wanda ya naɗa shi, wanda aka zaɓa yana da bashin waɗanda suka zaɓe shi, kuma su ma suna zuwa karɓar bashinsu: wannan yana son muƙami, wancan yana son a manta da laifinsa. A Najeriya an taƙaita wa'adin shugaban jami'ar tarayya zuwa shekara 5 sau ɗaya, don kada neman zarcewa ya lanƙwasa shi. Dabara ce mai kyau, amma ba ta hana mutum ya shafe shekarun biyar yana share hanyar zama minista ko sanata. Doka tana iya rage ƙofofin kwaɗayi, ba ta iya cire shi daga zuciya.

Na taɓa zama ɗalibin wani malami mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda muke rige-rigen zama a gaba in zai shigo. Aka ba shi wani muƙami a jami'a, daga nan wani, daga nan wani. Shekara ta farko yana aiko mataimaki, ta biyu ya daina ko tambaya. Da aka sauke shi bayan shekaru, fanninsa ya yi nisa ya bar shi, littattafan da ya sani sun tsufa, yaran da ya koyar sun wuce shi. Bai iya komawa aji ba, sai ya koma bin ofisoshi yana neman a tuna da shi. Babu wanda ya zalunce shi. Kayan aro ne ya ɗauka nasa, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka in an tambaye ni ko malami ya karɓi kujera, amsata ita ce ya karɓa, ko da daga hannun mai mulkin da bai gamsu da shi ba, matuƙar zai iya amsa wa kansa tambaya guda tsakaninsa da Allah: in an tashe ni gobe da safe, ina da inda zan koma in yi aikin da nake alfahari da shi? In amsar i ce, ya hau, ya kafa sharuɗɗansa tun ranar farko, ya riƙe aji ko da guda ne. In amsar a'a ce, to ya ji tsoron kujerar, domin ita za ta riƙa yi masa tunani. Mu kuma da ke gefe, iyaye da ɗalibai da masu rubutu, mu gyara irin tambayar da muke yi in an yi sabon naɗi. Mun saba tambayar ɗan wane yanki ne, mutumin wa ne. Mu ƙara da tambayar yaushe rabonsa da alli, kuma me ya rubuta a shekarun nan.

Yau jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda aka kafa a 2010, suna ɗauke da sunayen Dan Dikko Dankulodo da André Salifu da Jibo Hamani, dukansu mutanen da aka sani da ilimi. Ƙasar da ke sa wa jami'o'inta sunayen malamai ta san abin da ya kamata ta girmama. Saura ta riƙa neman irinsu tun suna raye in za ta ba da kujera, su kuma in an ba su kada su saki abin da ya sa aka neme su.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba shugabannin makarantunmu ikon faɗin gaskiya a daren da faɗinta ke da wuya.